Yadda na raba kayana ga ƙawayena a Nima, da ƙofofin da sai da na ƙwanƙwasa

Tun da hotunan rabon kayan nan suka fara yawo a WhatsApp mutane ke ta tambayata yadda aka yi, musamman matasa masu karatun zane da masu son shirya wani abu a unguwa. Amsa a tsaitsaye ba ta wadatarwa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi daki-daki, tun daga ɗakin mahaifiyata har zuwa ofishin 'yan sanda, don wanda zai yi irinsa ya san inda zai fara sa ƙafa.

Ni mai zane ce, a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, aka haife ni, na yi karatu a jami'ar KNUST da ke Kumasi. Bayan aurena ya ƙare na dawo gidanmu da kaya cike da ɗaki: kwanukan aure, tukwane, keken ɗinki, littattafai, da atamfofin yayi da muka ɗinka na bukukuwan da ba zan iya ƙirgawa ba. Abin da ya dame ni a lokacin shi ne yadda ƙawance a tsakaninmu mata ya koma lissafi. Kowacce tana da littafin biki, wance ta kawo kaza ranar suna, sai a mayar mata da ninki ranar nata. Ban raina wannan al'ada ba, ita ta aurar da yawancinmu, amma na so in ga ko za a iya miƙa wa aminiya abu ba tare da an rubuta shi a littafi ba. A makaranta mun karanta labarin wani ɗan Ingila, Michael Landy, wanda a 2001 ya niƙe duk abin da ya mallaka a Landan, abu 7,227, a gaban jama'a. Aikin ya girgiza ni, amma ɓarnar ba ta kwanta mini ba. Wanda ya fi kusa da zuciyata shi ne na Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, da ke karɓar tsofaffin buhuna daga hannun 'yan kasuwa ya ba su sababbi, har ya lulluɓe babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da su a nan Accra a 2016. Daga wurinsa na fahimci tsohon abu yana ɗauke da gumin duk wanda ya taɓa riƙe shi. Kuma duk wanda ya shiga kasuwar Kantamanto ta Accra, inda ake ƙiyasin tufafin gwanjo kusan miliyan 15 na shigowa kowane mako, ya ga inda rarar ke ƙarewa a kwata da bakin teku, ba zai so nasa kayan su bi wannan hanya ba. Sai na tsara haka: kowane abu zai tafi ga mutum guda da na zaɓa, zan faɗi dalili a gabanta, a ɗauki hoto, a naɗi muryarta.

Ƙofa ta farko ita ce ta Mma, mahaifiyata, kuma ita ta fi kowacce nauyi. Na same ta da dare bayan ta idar da lazimi, na faɗa mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke, likita ya gaya miki wani abu ne kike ɓoye mini?" A wurinmu ba a raba kayan mutum sai bayan ransa, don haka abin da ta ji ke nan. Da na rantse mata lafiyata ƙalau, sai ta koma zargin ko na yi fasfo a ɓoye zan tafi aikatau ƙasashen Larabawa kamar yaran unguwa da yawa. Makonni muka yi a kan wannan magana, wani lokaci ta yi shiru, wani lokaci ta yi hawaye. Ranar da ta sauko, da sharaɗi ta sauko: ta shiga ɗakina da kanta ta ware abin da ba nawa ba ne ni kaɗai. 'Yan kunnen zinare na kakarmu da wata babbar tukunyar ƙarfe, ta ce gado ne da ba a raba ba, ƙannena na da haƙƙi a ciki. Ta kuma ce ba za ta sa albarka ba sai na je wurin malam.

Malamin masallacin lungunmu yana ganin mata ne bayan la'asar, a zauren gidansa. Na tarar da layi, masu neman addu'a da masu rikicin aure, sai dab da magariba na samu shiga, Kawuna yana tare da ni. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Tambaya uku ya yi mini: ana bin ki bashi, kina da ciwon da ake tsoro, kayan naki ne halak malak? Ya yi bayani cewa a mazhabarmu ta Malikiyya wanda bashi ya cinye dukiyarsa ba shi da ikon kyauta, kyautar mai ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi. Ya ƙara da abin da matan aure ya kamata su sani, cewa idan mace za ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta mijinta yana da ta cewa. Sannan ya ce kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa, idan mai bayarwa ya rasu kafin haka ta koma gado. Ya karanto hadisin da ke cewa ku yi wa juna kyauta za ku so juna, da wanda ya tsananta a kan mai karɓe kyautarsa bayan ya bayar. Inda ya tsaya sosai shi ne maganar hoto. Ya ce, "'Yata, ki kiyayi riya, kuma kada ki mayar da ƙawayenki mabarata a idon duniya." Wannan magana ita ta canza fasalin aikin gaba ɗaya. A nan na yanke cewa ba za a ɗauki fuskar kowa ba, hannaye kawai, nawa da nata da abin da ke tsakani. Kawu ya ajiye goro da ɗan abin sadaka, muka fito.

Daga nan sai lissafin kaya. Na sayi littafi, kowane shafi abu ɗaya: mene ne, daga ina na same shi, wa zan ba, don me. Wannan ya ci kusan wata biyu, domin samun kaya ba wuya, samun dalilin gaskiya ne wuya. Duk abin da na rasa wa zan ba da dalili, na bar shi a wurina. Ban raba kayan sawata na yau da kullum ba, ko katifa, ko kayan zanen da nake cin abinci da su. Tsohuwar wayata kuwa sai da na cire layin na goge komai, domin tun rajistar da aka fara a 2021 kowane layi a ɗaure yake da Ghana Card ɗin mai shi, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ga kuma kuɗin MoMo, asusun kuɗi na waya, a kai. Abubuwa uku masu tsada, keken ɗinki da kwamfuta da kyamara, wani ɗan'uwanmu da ke aiki da lauyoyi ya ba ni shawara in yi musu takardar rantsuwa, don kada gobe wani ya ce aro ne, ko a tare wadda na ba a tambaye ta rasit. Ana yin wannan a wurin kwamishinan rantsuwa, ofisoshinsu na nan kusa da kotuna, ƙarƙashin dokar 1971 mai lamba 389. Na je da Ghana Card ɗina, da sunan wadda zan ba kamar yadda yake a katinta, da lambar da ke jikin na'urar. Aka buga, na karanta, na sa hannu a gabansa, ya buga hatimi. Kowace takarda ba ta kai sidi 100 na kuɗin Ghana ba a lokacin, kuma kafin azahar na gama. Duk cikin ofisoshin da na shiga nan ne ya fi sauƙi.

Maganar wuri ta sa na yi ta kai da komo a raina. Wasu abokan karatuna sun ce in nemi ɗakin nunin zane a unguwar Osu ko East Legon, wasu suka ce in jira Chale Wote, bikin fasahar kan titi da ake yi a watan Agusta, wanda aka fara a Jamestown tun 2011. Ina girmama wuraren nan, amma na san ƙawayena. Mai sayar da koko da ƙosai ba za ta rufe sana'arta ta hau motar haya, trotro, har biyu don ta tsaya a gaban baƙi masu kyamara ba. Sai na tsaya a kan lungunmu, a ƙofar gida. To, a nan ne wanda bai sani ba yake ɓata tsari, domin lungu yana da masu shi. Na fara da mai gidan da muke haya, na bi makwabta ɗaki-ɗaki. Sannan Kawu ya kai ni gaban sarkin unguwarmu da goro, na durƙusa daga gefe, shi ya yi magana a madadina. Sarki ya saurara, ya tambayi ko akwai siyasa a ciki ko kuɗin wata ƙungiya, aka ce babu. Ya ce a je a sanar da Magajiya, shugabar matan unguwa, tunda taron mata ne. Magajiya kuwa tambayar da ta fi damunta ita ce wa za a gayyata, wa za a bari, domin ta san abin da rashin gayyata ke haifarwa. Ita ta ba ni shawarar a dafa abinci ya ishi duk wanda ya zo, ko yana cikin masu karɓa ko ba ya ciki.

Ɗan majalisar unguwarmu shi ya gyara mini rana. Na so in yi abin a ƙarshen Mayu, ya tuna mini cewa lokacin ne masarautar ƙabilar Ga, 'yan asalin Accra, ke hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kafin bikinsu na gargajiya, Homowo, ba a kunna lasifika a waje, ga shi kuma tsakiyar damina ne, ruwa na iya cika lungu cikin rabin awa. Ya ce in guji Laraba saboda cunkoson kasuwar Nima, in guji Juma'a, Lahadi kuwa ranar aure da suna ce a Zango, wato unguwannin Musulmi irin tamu, ba zan samu mutane ba. Muka tsayar da wata Asabar a Agusta. Ya ce in rubuta wasiƙa zuwa majalisar gunduma tunda zan kafa rumfa a kan hanya, ya sa mini hannu a ƙasa.

A ofishin gundumar ne na fi jin gajiya. Na je da sassafe da wasiƙa kwafi biyu da hoton katina, na miƙa a wurin karɓar wasiƙu, aka ce in dawo. Da na dawo sai aka rasa inda za a sa ni. Wani tebur ya ɗauka kasuwanci ne ya fara maganar lasisin sana'a, na ce ba sayarwa zan yi ba. Wani ya tambaya ko makoki ne ko aure, na ce ba ko ɗaya. Aka tura ni wurin jami'in al'adu, ba ya nan, na zauna a benci har rana ta take. Ban ga mugunta a fuskar kowa ba, fom ɗinsu ne kawai ba shi da gurbin abin da na zo da shi. Jami'in da ya zo ya karanta wasiƙar sau biyu, ya ce in sake rubuta ta a taƙaice: taron iyali da abokai, rumfa biyu, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, za a bar hanyar masu ƙafa da babur, za a share wurin bayan an tashi. Da wannan sabuwar wasiƙa komai ya tafi. Na biya kuɗin da aka yanka a wurin mai karɓar kuɗi, na karɓi rasit. Kowace gunduma ita ke tsayar da nata farashi duk shekara, don haka a tambaya a can, kuma kada a miƙa wa kowa kuɗi a baranda. Bayanin fasaha da falsafa a ajiye shi don ranar taro, ofis abin da yake son ji shi ne wuri, lokaci, yawan mutane da shara.

Wurin 'yan sanda na je da fargaba, amma bai ɗauki lokaci ba. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994, mai lamba 491, ta ce mai shirya taro na musamman a bainar jama'a, kamar jerin gwano ko zanga-zanga, ya sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana 5 kafin ranar. Jami'in da ya karɓe ni ya ce nawa taron zumunci ne, bai shiga wannan sahu ba, amma tunda zan tare wani ɓangare na hanya ya yi kyau da na zo. Ya buga hatimi a kwafina, ya rubuta lambar wayata. Ban biya ko sisi ba. Ranar taro takardar tana cikin jakata, ba wanda ya nema, amma hankalina a kwance yake.

Duk waɗannan ofisoshi idan aka haɗa su ba su kai rabin aikin da na yi a gidajen ƙawayena ba. Zumunci a ƙafa yake, don haka ban aika wa kowa saƙo ba, na taka na je. Kuma na gode wa Allah da na je, domin abin da na tarar ba shi na zata ba. A garin da ake yawan labarin masu tsafin kuɗi, mace ta tashi haka kawai tana raba kayanta, dole a yi tunani. Wata ta gaya mini gaskiya cewa mijinta ya ce kada ta karɓi komai sai an san abin da ke ƙasa. Sai da Kawu ya je ya same shi, ya ambaci sunan malam da na sarki, sannan ya yarda. A nan na ga amfanin bin manya tun farko. Kowacce na karanta mata takardar amincewa da Hausa, cewa za a ɗauki hoton hannunta da muryarta, ba za a sa sunanta ba, kuma duk ranar da ta ce a cire za a cire. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, tana neman yardar mutum kafin a yi amfani da bayanansa, amma ko babu doka haƙƙinsu ne. Masu iya rubutu suka sa hannu, sauran suka dangwala yatsa. Mutum biyu suka ce suna son kayan amma ba sa son hoto, na kai musu gida da dare.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce aminiyata tun makarantar allo, wadda na ware wa keken ɗinki. Ta iya ɗinki fiye da ni nesa ba kusa ba, amma nata keken ta sayar lokacin jinyar mahaifinta. Da na faɗa mata sai ta ɗaure fuska ta ce, "Ƙawata, kina so ki ɗora mini abin da ba zan iya saukewa ba. Ranar bikinki da me zan zo?" Na ce babu littafi a wannan. Ta ce a bakinki babu, a bakin mutane akwai. Gaskiya ta faɗa, kuma ban da amsa. Mma ce ta warware mana. Ta ce yaba kyauta tukwici, kowacce ta zo da goro ɗaya ta ba ni a gaban jama'a, a shaida an biya, magana ta ƙare. Wannan dabara ta tsohuwa ita ta buɗe wa mutane da yawa hanyar karɓa ba tare da jin nauyi ba.

Kuɗin da na kashe a ranar, rumfa biyu da kujeru 60 sun ci kusan sidi 700, kuma sai da na kama su tun da wuri saboda Asabar ranar jana'iza ce a Accra, masu haya ba sa zama da kaya. Mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ya kai manyan kaya gidajen mutane ya karɓi sidi 200. Abinci, wake da shinkafa da zoɓo, shi ya fi komai ci, ya haura sidi 2,000 duk da matan gidanmu ne suka dafa. Mai hoto abokin karatuna ne, kuɗin mota kawai ya karɓa. Farashi yana motsi, a ɗauki wannan a matsayin awo kawai.

Mun shimfiɗa tabarmi bayan azahar, aka jera kayan a kai, malam ya buɗe da addu'a ya tafi. Ba mu kunna kiɗa ba. Ina kiran mutum, in ɗauki abin, in faɗi dalili, in miƙa. Akwai wani farin kwano mai murfi, bakinsa ya ɗan ɓantare har baƙin ƙarfen ya fito. Na ba makwabciyata ta gidan aure, domin a cikinsa take zubo mini tuwo ta turo yaro da shi a watannin da ba na iya gaya wa kowa halin da nake ciki, kuma ba ta taɓa tambayata komai ba. Ashe ta manta cewa kwanon nata ne tun asali, ni ce ban mayar mata ba, ita kuma a lokacin ta ce in riƙe. Ta juya shi ta ga alamar jan fenti da take sa wa kayanta a gindi, sai ta rufe fuska da mayafi. Matan da ke wurin suka yi tsit, sannan wata dattijuwa ta fara guɗa. Aminiyata ta karɓi kekenta da takardarsa, ta ciro goro fari daga bakin zaninta ta danƙa mini, hannunta na rawa. Kafin magariba tabarmi sun koma wayam, samarin lungu suka taya mu shara.

Bayan taro akwai abin da ba wanda ya shirya ni a kansa. Makonni kaɗan sai labari ya zo mini cewa wadda na ba kyamara ta sayar da ita. Raina ya ɓaci matuƙa, na kwana ina juyi, domin da wannan kyamara na yi aikin kammala karatuna. Na ɗauki waya zan kira ta, sai maganar malam ta dawo mini, cewa abin da ya shiga hannunta ya zama nata. Daga baya ita da kanta ta zo ta gaya mini mai gidansu ne ya nemi kuɗin haya na gaba, kamar yadda ake yi a Accra, ba ta da inda za ta samo. Har yau idan na tuna nakan ji zafi, amma ban ga laifinta ba. Wanda zai yi irin wannan aiki ya tambayi kansa tun kafin ya fara, ko zai iya ganin abin da ya fi so a teburin ɗan kasuwa ya wuce bai ce uffan ba. Idan ba zai iya ba, ya bar abin a ɗakinsa, babu laifi a hakan.

Ga mai niyya, jerin da ya yi mini aiki shi ne gida tukuna, sannan malam, sannan mai gida da makwabta da sarki, sai ɗan majalisar unguwa, daga ƙarshe gunduma da 'yan sanda, domin kowane mataki yana tambayar ko na baya ya sani. A ware wata uku zuwa huɗu, rabinsu na yawon gidaje ne. A riƙa yawo da kwafin kowace takarda da Ghana Card. Kada a bayyana wa mutum kyautarsa a karon farko a gaban taro, a je a same shi shi kaɗai ya samu damar cewa a'a. Kuma a tanadi abin da za a ce wa wanda ya zo bai samu komai ba, domin zai zo.

Hotunan hannayen an wanke su, suna rataye yanzu a bangon ɗakin da kayan suka bari, kowanne da ɗan rubutun dalilinsa da Hausa a ƙasa. Muryoyin suna cikin waya da abin sauraro a kan kujera. Ina buɗe ɗakin ranar Asabar bayan la'asar ga mai son gani, kuma hoto ɗaya na riga na sauke, domin mai hannun ta aiko cewa surukarta ta gane zobenta, ta fi son a cire.